Yadda Shugaban Makarantar Ƙauye Zai Auna Aikin Malami da Ci Gaban Yaransa

Duk ƙarshen shekara, idan fom ɗin tantance ma'aikata ya iso daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, mu shugabannin makarantun ƙauye mukan zauna mu cike wa kowane malami nasa. Abin da muka saba dubawa sananne ne. Yana zuwa a kan kari? Littafin shirin darasinsa a cike yake? Yana da ladabi da biyayya? Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai dai babu wanda yake amsa tambayar da uban yaro zai tare ka da ita a ƙofar masallaci bayan la'asar: "Malam, yaron nan shekararsa huɗu yana zuwa boko, ya aka yi har yau ba ya iya karanta mini saƙo a waya?"

Wasu sukan ce ai da sauƙi, a ɗauko sakamakon jarrabawar ƙarshen zango, ajin da ya fi maki malaminsa ya fi iya aiki. Wannan awo ne da mudu mai huji. Malamin ne ya tsara tambayoyin, shi ya tsare yaran, shi ya duba takardun, shi kuma ya rubuta makin. Ko da mai gaskiya ne, akwai wata matsalar. Manomin da aka ba fadama da wanda aka ba jigawa ba a gane ƙwazonsu da yawan dami kawai, sai an san irin ƙasar da kowa ya tarar. Malamar da ta karɓi yara saba'in waɗanda rabinsu ba su san baƙi da wasali ba, ta kai su ga haɗa kalma, ta yi aikin da ya fi na wanda ya karɓi masu karatu ya mayar da su yadda ya same su. Abin da ya kamata a auna shi ne tafiyar da yara suka yi a hannun malami, daga inda ya same su zuwa inda ya kai su. Ga yadda ake yi, da alli da takarda da rajista, ba tare da jiran kwamfuta ko kuɗi daga ko'ina ba.

Mataki na ɗaya: zama da malamai tun makon farko

Kada malami ya ji labarin wannan tsari a bakin wani. Tara su a makon farko na zangon farko, cikin watan Satumba, har da malaman sa-kai da na wucin gadi da masu yi wa ƙasa hidima idan kana da su. Faɗa musu abu uku ƙarara: za a auna kowane yaro a farkon shekara, kowane malami zai zauna da kai ku rubuta inda yake son kai yaransa, sannan za a sake awo kafin damina ta kankama. Ka kuma faɗa musu abin da ba za a yi da sakamakon ba. Ba za a liƙa sunan malami a bango ba, ba za a kai ƙararsa wurin dagaci ba, kuma albashi dama ba a hannunka yake ba.

Za a samu mai cewa, "Ranka ya daɗe, mu da ba mu da kujeru ba mu da littattafai, da me za a auna mu?" Tambaya ce ta gaskiya, kada ka share ta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuwa a ƙauyukan Jigawa da Kano aji mai yara 80 ko 100 ba abin mamaki ba ne. Amsar ita ce shi ya sa za a rubuta halin da kowane aji yake ciki tun farko, a kuma yanka burin daidai da shi. Idan kai ma kana riƙe da aji, sa naka a gaba, a fara awon da yaranka. An ce wanzami ba ya son jarfa, to idan malamai suka ga ka miƙa naka goshin, rabin gardamar ta ƙare.

Mataki na biyu: shirya takardar awo

Ba jarrabawar rubutu ake nufi ba, wadda yara za su zauna a ƙasa kafaɗa da kafaɗa suna leƙen juna. Yaro ɗaya ake kira, ya zauna kusa da mai awo, ya karanta da bakinsa. Asalin dabarar daga Indiya take, inda ƙungiyar Pratham ta fara amfani da ita a binciken shekara-shekara na karatun yaran karkara tun 2005, daga baya kuma aka gwada irinta da Hausa a makarantun ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Kyawunta shi ne takarda ɗaya ta isa.

Samu farin kwali ko takarda mai kauri, ka raba ta gida biyar, ka rubuta da manyan baƙaƙe masu kyau. Gida na farko haruffa goma a warwatse, ba a jeren abacada ba, domin yara da yawa sun haddace jeren kamar waƙa amma ba su gane harafi idan ya tsaya shi kaɗai. Ka tabbata akwai masu lanƙwasa a ciki, wato ɓ da ɗ da ƙ. Gida na biyu gaɓoɓi goma, irin su ma, ki, tsu, ɗa, gwa. Wannan gida ni nake ganin dole a saka shi, saboda Hausa da gaɓa ake koyon ta, kuma tsakanin sanin harafi da karanta kalma akwai rata mai faɗi da yara suke daɗewa a ciki. Gida na uku kalmomi goma na yau da kullum: gero, akuya, rijiya, tulu, kasuwa. Na huɗu gajerun jimloli huɗu masu bin juna. Na biyar ɗan labari mai layi takwas zuwa goma, da tambaya biyu a ƙarshensa, don a gane ko yaron ya fahimci abin da ya karanta ko furtawa kawai yake yi. Kada ka kwafo labarin daga littafin da suke karantawa a aji, rubuta naka, a kan abin da suka sani, kamar yarinyar da aka aika ɗebo ruwa ko ragon da ya tsinke ranar kasuwa.

Da wannan takarda kowane yaro zai faɗa ɗaya daga matsayi shida: bai fara ba, harafi, gaɓa, kalma, jimla, labari.

Lissafi ma haka. Gane lambobi daga 1 zuwa 9, gane lambobi daga 10 zuwa 99, tarawa mai lamba bibbiyu, ɗebewa mai rance irin 52 a cire 27, sai rabawa ga 'yan aji huɗu zuwa shida. A nan a ba yaro fensir da takarda, a bar shi ya yi zane-zanensa ko ya ƙirga da yatsu, ba laifi.

Ka rubuta takardar iri biyu tun yanzu, masu wahala ɗaya amma kalmomi da labari daban. Ɗaya ta awon farko, ɗaya ka kulle a akwati sai ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idan ka bari sai lokacin ya zo, za ka iske ta biyun ta fi ta farko sauƙi ko tsauri ba tare da ka lura ba, awon duka ya lalace.

Mataki na uku: awon farko

A yi shi a mako na biyu ko na uku, bayan yara sun gama dawowa daga hutu, kafin kaka ta kwashe su zuwa roron gyaɗa da yankan riɗi. Malamin aji ba shi zai auna yaransa ba. A yi musaya, malamin aji biyu ya auna aji uku, na uku ya auna na huɗu. Shi mai ajin ya zauna da sauran yaran yana koyarwa, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin bishiya ko baranda.

Fara da jimloli. Idan yaro ya karanta su ba tare da ya yi kuskure fiye da uku ba, a hau da shi labari. Idan ya kasa, a sauko kalmomi, ya zaɓi biyar, in ya samu huɗu matsayinsa kalma ne. Haka za a yi ta saukowa har a samu inda ƙafarsa ta tsaya. Kowane yaro yakan ci kamar minti biyar. Aji mai yara 80 ke nan minti 400, kusan awa bakwai, wato mutum biyu za su gama cikin kwana biyu ko uku ba tare da an tsayar da karatu ba. Akwai masu cewa a ɗauki kaɗan daga cikin yaran a auna don a rage wahala. Ban yarda da haka ba. Yaran da aka auna kowa zai san su, kuma ko malami bai yi niyya ba, hankalinsa zai karkata gare su.

A kula da tsoro. Yarinya 'yar aji biyu da aka kira gaban baƙon malami tana iya yin shiru ko da ta san amsa. A ajiye bulala nesa, a tambaye ta sunanta da na unguwarsu, a ce mata wannan ba jarrabawa ba ce, babu faɗuwa. Yaran rugage da suke jin Fulfulde a gida, da na yankunan da ake jin yaren Mangawa a gabashin Jigawa, a ba su lokaci sosai, kuma a rubuta a gefen sunansu cewa Hausa ba ita ce harshen gida ba.

A sabon littafi mai layi, kowane aji da shafinsa: sunan yaro, namiji ko mace, matsayinsa a karatu, matsayinsa a lissafi, sai a bar gurbi biyu fanko don awon tsakiya da na ƙarshe. Wanda bai zo ba a bi shi cikin mako biyu. Ranar da ka haɗa alƙaluman, ranka zai iya ɓaci, musamman a kan aji biyar da shida. Kada ka huce a kan malamin da yake riƙe da su yanzu, shi ma haka ya gaje su.

Mataki na huɗu: rubuta burin

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin kuskure. Zama ne na mutum biyu, kai da malamin, littafin awo a buɗe a tsakaninku, na kamar rabin awa. Bari shi ya fara magana. Tambaye shi, "Malam, ga yaranka yadda suke. Zuwa ƙarshen zango na biyu, ina kake ganin za ka iya kai su?"

Mu ɗauki misali don a gane. A ce aji uku ne, an auna yara 72. An samu 20 ba su fara ba, 22 suna kan harafi, 14 gaɓa, 10 kalma, 4 jimla, 2 labari. Idan malamin ya ce, "Zan yi iya ƙoƙarina su iya karatu insha Allahu," niyya ce mai kyau, amma ba abin da za a iya aunawa. Idan ya ce, "Dukansu za su karanta labari," ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, ƙarshenta ko ya karaya ko ya nemi hanyar rufa wa kansa asiri. Idan kuma ya ce zai ƙara masu karanta labari daga 2 zuwa 5 kawai, to ya zaɓi 'yan gaban aji ya bar 42 da ke can baya, waɗanda su ne suka fi bukatarsa.

Buri mai kyau yana faɗin su wane, daga ina zuwa ina, nawa daga cikinsu, zuwa yaushe. Ga irin yadda za a rubuta: "Daga cikin yara 42 da suke matsayi biyu na ƙasa, aƙalla biyu cikin uku na waɗanda suke zuwa makaranta za su hau matsayi ɗaya ko fiye zuwa ƙarshen zango na biyu. Masu karanta jimla da labari za su ƙaru daga 6 zuwa 14." Ka ga an kama na ƙasa, ba a kuma manta da na sama ba. Sai a yi makamancinsa guda ɗaya a lissafi. Buri biyu sun isa, uku shi ne iyaka. Malamin da aka ɗora wa buri bakwai babu wanda zai tuna.

Ta yaya za a san adadin da ya dace? A shekarar farko kintace ne, ku yarda da hakan a tsakaninku. Ku dubi yawan yaran, ku dubi ko malamin yana haɗa aji biyu, ko sabon shiga ne, ko ajin yana da rufi. Daga shekara ta biyu kuna da abin dogaro, domin littafin bara zai nuna muku abin da aka iya yi a wannan makarantar, da waɗannan yaran. Ka lura da mai yanka buri ƙarami don ya tsira, ka ɗan ja shi sama da lalama. Ka kuma lura da sabuwar malama mai zumuɗi, ka ɗan sauko da ita, don kada ta yi aiki mai kyau amma takarda ta nuna ta gaza.

Ka raba alƙaluman maza da mata ko da burin ɗaya ne. Sau da yawa aji yakan nuna ya ci gaba, amma idan aka duba sai a ga mazan ne suka tafi, 'yan matan da suke makara saboda talla da aikin gida suna nan inda suke.

Kasan takardar akwai sashe biyu da bai kamata a tsallake ba. Na farko, abin da malamin zai yi: misali zai raba yara rukuni-rukuni bisa matsayinsu na minti 40 kowace safiya, zai yanka kwalaye ya rubuta gaɓoɓi, zai sa masu karanta labari su zauna da masu harafi. Na biyu, abin da kai shugaba ka ɗauka: alli ba zai yanke ba, za a shafe allon da baƙin fenti, ba za ka riƙa cire shi daga aji kana aikensa sakatariya ba, za ka shiga ajinsa sau biyu a zango. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi. Idan kai ba ka cika naka ba, ba ka da bakin tuhumarsa a kan nasa.

Malaman da darasinsu ba karatu ko lissafi ba ne su ma suna da abin aunawa. Malamin addini zai iya cewa yara kaza za su karanta daga Nasi zuwa sura kaza ba gyara, su kuma yi alwala daidai a gaban mai dubawa. Ka'idar ɗaya ce, a san mafari, a faɗi inda za a je.

Mataki na biyar: rajista

Ba adalci ba ne a tuhumi malami a kan yaron da bai gani ba. A wurarenmu fashi yana da lokutansa, kowa ya san su: kaka, ranar kasuwa kamar Alhamis a yankin Maigatari ko Lahadi a yankin Gujungu, sanyin hunturu da yara ba sa fitowa sai rana ta ɗaga, tashin makiyaya, ga kuma ambaliya a garuruwan bakin kogin Haɗeja, inda wani lokaci makarantar ma takan koma masaukin waɗanda ruwa ya kora. Don haka ku yanke tun farko cewa yaron da za a lissafa a cikin burin shi ne wanda ya halarci aƙalla kwana biyu cikin kowane uku. Idan kwanakin karatu na zango 60 ne, sai ya zo 40.

Amma wannan ka'ida tana da rami. Malami mai wayo zai iya gane cewa idan yaro mai rauni ya daina zuwa, nauyinsa ya sauka daga kansa. Ba sai ya kore shi ba, ya isa ya daina tambayar ina yake. Maganin abin shi ne duk yaron da ya faɗi daga lissafi, malamin zai nuna abin da ya yi a kansa: ya aika gida, ya je da kansa, ya kai sunan ga SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ko mai unguwa. Kai kuma ka riƙa shiga aji ba sanarwa kana ƙirga kawuna kana gwadawa da rajistar ranar. Rajistar da aka cike ranar Juma'a ta mako duka ba ta da amfani ga kowa.

Mataki na shida: dubawa a tsakiyar hanya

A watan Janairu, makon farko ko na biyu bayan dawowa, a sake ɗan awo da takardar farko, na yaran da suke matsayi biyu na ƙasa kaɗai. Wannan ba ya shiga hukunci, na gyara ne. Idan an ga yara sun taru a harafi sun kasa tsallakawa gaɓa, to wataƙila malamin sunayen haruffa yake koya musu ba sautinsu ba, sai a haɗa shi da wanda ya iya, ya zauna a ajinsa kwana biyu ya gani.

Shigarka aji ma a nan take da amfani, gani ya kori ji. Zauna a baya darasi guda cikakke. Kada ka tsaya kan kyawun rubutun allo. Duba yara nawa suka buɗe baki su kaɗai ba cikin amshi ba, duba ko ya taɓa isa layin baya, ko ya kira mace, ko ya san sunayen waɗanda ba su fara ba. Bayan an tashi ku yi magana ku biyu, ka faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara, ka rubuta kwanan wata.

A wannan zama ne kaɗai ake iya sauya buri, kuma sai da dalili babba: an rufe makaranta makonni, an ƙara masa wani ajin, ya yi jinya mai tsawo, ko malama ta tafi hutun haihuwa. A rubuta dalilin. Bayan wannan babu sauyi.

Mataki na bakwai: awon ƙarshe

A yi shi a ƙarshen zango na biyu ko farkon na uku, kafin ruwa ya sauka yara su bi iyayensu shuka da noman farko. Idan azumi ya faɗo a lokacin, a yi da sassafe. Fito da takarda ta biyu daga akwati a ranar, a sake musayar malamai, amma ba waɗanda suka yi musaya da juna a farko ba, don kada a yi ban gishiri in ba ka manda. Gayyato mutum ɗaya ko biyu daga SBMC su zauna su gani, har da wakiliyar mata. Bayan an gama kowane aji, kai da kanka ka zaɓi yara biyar ka sake auna su. Idan naka da na mai awon sun saɓa a kan uku daga ciki, a maimaita ajin.

Mu koma misalinmu. Cikin yara 42, a ce 34 ne suka cika sharaɗin zuwa. Biyu cikin uku na 34 ya kama 23. An auna an samu 25 sun hau, to wannan buri ya cika. Masu jimla da labari sun kai 11 maimakon 14, wannan ya kusa amma bai kai ba. Kalma huɗu sun wadatar wajen rubuta sakamako: bai kai ba, ya kusa, ya cika, ya zarce. Sai kuma a tambayi labarin yara 8 da suka faɗi daga lissafi, ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na takwas: haɗa hukunci

Yanzu tambayar ita ce wane nauyi za a ba wannan sakamako a cikin tantance malamin. Ra'ayina kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sauran a raba tsakanin abin da ka gani da idonka a aji, da zuwansa aiki, da riƙon rajista da shirin darasi, da yadda yake bin yaran da suka ɓace.

Dalilina shi ne abin da ya faru a inda aka ɗora komai a kan maki. A Amurka, daga 2009 gwamnatin tarayya ta riƙa kwaɗaitar da jihohi da kuɗi su haɗa tantance malamai da sakamakon jarrabawar ɗalibai. A birnin Atlanta, inda matsin lamba a kan maki ya yi tsanani, bincike ya gano ana goge amsoshin yara ana gyara musu bayan an karɓi takardu, har a 2015 kotu ta samu malamai da jami'an makarantu 11 da laifi. A wannan shekarar ce kuma aka yi sabuwar dokar ilimi da ta mayar wa jihohi ikon tsara yadda za su tantance malamansu. Waɗanda suka fi cutuwa a Atlanta yaran ne, domin takarda ta ce sun iya, aka hana su taimakon da suke bukata. Mu ma nan mun san yadda ake yi wa yara rubutun amsa a allo ranar jarrabawa. Duk awon da aka rataya wa wuyan mutum gaba ɗaya, zai nemi yadda zai lanƙwasa shi.

Akwai kuma dalili na biyu. Aji ɗaya a shekara ɗaya ƙaramin abu ne, ƙyanda ko zazzaɓin damina ko tashin ruga guda suna iya juya alƙaluman. Kada ka yanke wa malami hukuncin rashin iya aiki da sakamakon shekara ɗaya. Idan abu ya maimaitu shekara biyu ko uku, da yara daban-daban, kuma abin da kake gani a aji ya yi daidai da shi, to ka samu hujja.

Fom ɗin hukuma ba naka ba ne da za ka sauya shi, SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma su suke da tsarinsu na ƙarin girma. Abin da za ka yi shi ne idan ka zo gurbin ra'ayin shugaba, maimakon "yana da ƙoƙari" da muka saba rubuta wa kowa, ka rubuta abin da ya faru: ya karɓi yara kaza a matsayi kaza, ya kai su kaza. Ka maƙala kwafin takardar burin, ka kuma nuna wa jami'in da yake zuwa duba makaranta littafin awon.

Kafin ka rubuta komai, ku zauna da malamin. Ba shi littafin ya karanta da kansa, ka tambaye shi me ya gani. Wanda ya cika buri ka yaba masa a gaban 'yan uwansa da gaban iyaye a taron kwamiti, kuma ka roƙe shi ya nuna wa sauran yadda ya yi. Wanda bai kai ba, magana a ofis, ƙofa a rufe. Idan dattijo ne da ya girme ka, ka san yadda za ka faɗa: "Baba Malam, ga abin da littafi ya nuna, ina ganin a ina matsalar take, me kake gani za mu yi?" Ku rabe tsakanin wanda bai iya ba da wanda bai damu ba. Na farko horo yake bukata, a sa sunansa gaba idan an kira bita, a haɗa shi da gwani. Na biyu, wanda ba ya zuwa, ba ya shiga aji in ya zo, shi ne ake bi ta hanyar gargaɗi a rubuce, kuma rajistar malamai ce hujjarka a kansa tun kafin a zo ga sakamakon yara.

Mataki na tara: miƙa littafin

Kafin a tafi dogon hutu, malamin aji uku ya zauna da wanda zai karɓi yaran a aji huɗu, su bi sunayen tare. Awon ƙarshe na bana ba zai maye gurbin awon farko na baɗi ba, domin karatun yara yakan zube a hutun damina, sai an sake aunawa a Satumba. Amma sabon malamin zai shiga aji ya riga ya san su wa zai zaunar a gaba. A ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan duk yaron da yake zuwa kullum amma bai motsa daga matsayinsa ba. Waɗannan a gwada ko suna ganin allo daga inda suke zama, a kira sunansu a hankali daga bayansu a ga ko za su juyo, a tambaya ko suna karyawa kafin su fito. Wanda aka ga alamar matsalar ido ko kunne, a kira mahaifinsa a ba shi shawarar kai shi asibiti kafin a dawo hutu.